FILIN KWAMFUTA: Cire turke daban, yanke igiya daban

A wannan mako za mu tsaya ne a kan wata 'yar matsala da kusan duk mai koyon zane a kwamfuta yake cin karo da ita tun makonsa na farko. Ɗalibi ya zana akwati, ko da'ira, ko bajon makarantarsu, yana so ya goge gefe ɗaya kawai ya bar sauran. Ya danna Delete, sai zanen ya ɓace gaba ɗaya. Ya dawo da shi ya sake gwadawa, wannan karon layin ya ƙi goguwa, sai ma siffar ta karkace. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa manhajar ce ba ta da kyau.

Manhajar lafiyarta lau. Abin da ya faru shi ne mun zo mata da tunanin fensir da abin gogewa, ita kuwa ba haka take ganin layi ba. Da zarar mun fahimci yadda take ganinsa, aikin da yake cin rabin awa zai koma na daƙiƙa biyar.

Zane iri biyu

Hotunan da ke cikin kwamfuta da waya iri biyu ne. Na farko shi ne irin wanda kyamara take ɗauka. Ƙananan ɗigogi ne masu launi, dubbai ko miliyoyi, jere kamar tayil a daɓe. Idan muka ja hoton ya yi girma sosai, sai ɗigogin su fito, hoton ya dushe. A irin wannan hoto gogewa tana da sauƙin fahimta: ka shafe ɗigogin da ba ka so, shi ke nan.

Na biyu shi ne zanen bekta. Shi babu ɗigogi a cikinsa, umarni ne kawai aka ajiye: fara daga nan, ja layi zuwa can, lanƙwasa zuwa wancan wuri, rufe. Duk lokacin da muka buɗe fayil ɗin, kwamfuta tana bin umarnin ne ta sake zanawa. Shi ya sa tambari guda zai iya hawa katin shaida, ya kuma hau allon bakin ƙofar makaranta, ba tare da ya dushe ba. Da irin wannan zane ake yin tambari, da bajo, da taswira, da rubutun jikin riga, da sitika.

Manhajojin da suka fi shahara a wannan aiki uku ne. Akwai Adobe Illustrator wadda ta fito a 1987. Akwai CorelDRAW wadda ta fito a 1989, ita ce za ku fi gani a shagunan buga kati da kalanda da bana a garuruwanmu. Akwai kuma Inkscape wadda aka fara a 2003, kyauta ake sauke ta, ba a biyan ko sisi, kuma tana aiki a kan Windows da Linux da Mac. Da ita za mu yi misalanmu, tunda kowace makaranta mai ɗakin kwamfuta za ta iya sa ta.

Turaku da igiya

Duk wanda ya taɓa ganin magina suna fitar da harsashin gini ya riga ya san rabin darasin yau. Sukan kafa turke a kowace kusurwa, sannan su ja igiya daga wannan turke zuwa wancan, har siffar ɗakin ta fito a ƙasa. Haka zanen bekta yake. Akwai turaku, wato wuraren da layi yake farawa, ko yake juyawa, ko yake ƙarewa. Akwai kuma guntun layi, wato igiyar da ke tsakanin turke biyu masu maƙwabtaka. Jerin turakun da igiyoyinsu gaba ɗaya shi za mu riƙa kira tafarki.

To, mu yi tunani. Idan magini ya cire turken wata kusurwa bai taɓa igiyar ba, me zai faru? Igiyar ba za ta tsinke ba. Za ta miƙe ne daga turken da ke baya zuwa wanda ke gaba, ɗaki mai kusurwa huɗu ya koma mai kusurwa uku. Idan kuwa ƙofa yake so ya bari, turakun ba ruwansa da su. Igiyar da ke tsakanin turaku biyu zai yanke ya cire. Akwai kuma aiki na uku: ya kwance igiyar a kan turke ɗaya, ba tare da ya zubar da komai ba, ta zama tana da baki biyu a wurin.

Ayyuka uku ke nan: cire turke, cire guntun layi, da tsinka tafarki. Kowanne da maɓallinsa. Yawancin ruɗanin masu koyo daga nan yake, suna son na biyu amma na farko suke dannawa.

Mu leƙa cikin fayil

Inkscape tana ajiye zane a tsarin da ake kira SVG, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin intanet ta amince da shi a 2001. Daɗin wannan tsari shi ne rubutu ne zalla, ana iya buɗe shi a Notepad a karanta. Ga yadda ake rubuta tafarkin akwati:

M 10 10 L 90 10 L 90 60 L 10 60 Z

Harafin M na nufin ɗaga alƙalami ka sauke a wannan wuri. L na nufin ja miƙaƙƙen layi zuwa wannan wuri. Z na nufin koma inda ka fara ka rufe. Lambobin kuwa su ne x da y ɗin da malamin lissafi yake koya mana a darasin jadawali, sai dai a nan y tana ƙaruwa ne idan ana yin ƙasa.

Yanzu mu goge L 90 60 daga cikin jerin. Mun cire turke ɗaya. Tafarkin yana nan a rufe, amma ya zama mai kusurwa uku. Mu mayar da shi, mu goge Z a maimakonsa. Turaku huɗu suna nan daram, amma gefen hagu ya tafi, akwatin ya buɗe. Kun ga bambancin cire turke da cire guntun layi ƙuru-ƙuru. A fayil ɗin da manhaja ta rubuta da kanta za ku tarar da ƙarin haruffa, manya da ƙanana, amma tushen bai wuce wannan ba.

Layi mai lanƙwasa

Ba kowace igiya ce miƙaƙƙiya ba. Idan ana son layi ya lanƙwasa, turke yakan fitar da wani ɗan siririn hannu mai ƙwallo a kai, wanda za mu kira mariƙi. Layin yana barin turke ne ya nufi inda mariƙin yake nunawa, kuma gwargwadon tsawon mariƙin, gwargwadon nisan da layin zai bi wannan ɓangare kafin ya juya. Guntun layi ɗaya mai lanƙwasa abu huɗu ne suke riƙe da shi: turaku biyu na bakinsa da mariƙai biyu.

Wannan dabara daga masana'antar mota ta fito a ƙasar Faransa. Wani masanin lissafi mai suna Paul de Casteljau ya samar da hanyar lissafa irin wannan lanƙwasa a 1959 yana aiki a kamfanin Citroën. Wani injiniya kuma, Pierre Bézier na kamfanin Renault, ya yi aiki da ita wajen tsara jikin mota a shekarun 1960, ya kuma bayyana ta ga duniya, don haka sunansa ya bi ta. Haruffan da kuke karantawa a wannan shafi ma da irin wannan lanƙwasa aka zana su.

A Inkscape, siffar turke tana faɗa mana halinsa. Wanda yake kamar murabba'i tsaye a kan tsininsa turken kusurwa ne, mariƙansa biyu kowa gashin kansa yake ci. Wanda yake murabba'i zaune daidai turke ne mai santsi, mariƙansa suna kan miƙaƙƙen layi ɗaya, idan ka ɗaga wannan sai wancan ya sauka. Shift da C suna mayar da turke na kusurwa, Shift da S suna mayar da shi mai santsi.

Mu gwada: ajinmu da ƙofarsa

Gani ya kori ji. Mu zana taswirar aji mu bar wurin ƙofa.

Da farko mu danna R mu ja akwati. A wannan mataki manhajar tana ɗaukarsa a matsayin akwati ne, ba ta ba mu damar taɓa turakunsa ɗaya-ɗaya ba tukuna. Sai mun mayar da shi tafarki ta hanyar danna Shift da Ctrl da C tare. Wanda ya tsallake wannan mataki zai yi ta neman turaku bai gani ba.

Sai mu danna N, wato kayan gyaran turaku. Turaku huɗu za su bayyana a kusurwoyi. A kan bangon ƙasa, mu danna linzami sau biyu da sauri a inda ƙofa za ta fara, sabon turke zai fito. Mu sake yin haka a inda za ta ƙare. Yanzu turakunmu shida ne, kuma bangon ƙasa ya kasu gida uku.

Gwaji na farko: mu zaɓi ɗaya daga cikin sababbin turakun mu danna Delete. Turken ya tafi, bango yana nan, babu wata kafa. Mu danna Ctrl da Z mu dawo da shi. Mu zaɓi turken kusurwa mu yi masa haka. Siffar ajin ta lalace, amma har yanzu a rufe take. Mu sake dawo da shi.

Gwaji na biyu: mu danna kan guntun layin da ke tsakanin sababbin turakun nan biyu. Za mu ga duka biyun sun canza launi, alamar an zaɓe su. Sai mu riƙe Alt mu danna Delete. Ƙofa ta buɗe. Akwai kuma maɓallin da yake wannan aiki a jerin da ke saman allo, idan muka ɗora kibiyar linzami a kan kowanne zai rubuta aikinsa. Abin lura a nan: dole turakun da aka zaɓa su zama maƙwabtan juna a kan tafarkin. Idan akwai wani turke a tsakaninsu da ba a zaɓa ba, babu abin da zai faru. Idan kuma aka zaɓi uku a jere, guntaye biyu ne za su tafi.

Gwaji na uku: mu zaɓi turken wata kusurwa mu danna Shift da B. Ido ba zai ga canji ba, amma tafarkin ya tsinke a wurin, turke biyu ne yanzu ɗaya a kan ɗaya. Mu ja na saman gefe, za mu ga bakin ya buɗe. Idan muna so mu mayar, sai mu zaɓi bakunan biyu. Shift da J za su haɗe su su zama turke ɗaya, Alt da J kuwa za su bar kowanne a wurinsa su ja sabon layi a tsakani.

Abubuwa huɗu da ke ruɗa masu koyo

Na ɗaya, launin ciki. Idan ajin namu yana da launi a ciki, bayan mun buɗe ƙofa launin ba zai zube ba. Manhajar tana cika buɗaɗɗen tafarki ne kamar akwai miƙaƙƙen layi daga bakinsa na farko zuwa na ƙarshe. A kan akwati ba a lura sosai, amma a kan da'ira sai a ga kamar an yanke ta da wuƙa. Idan zanen gefe kawai ake so, a cire launin cikin.

Na biyu, guntayen da suka rabu amma suke tafiya tare. Idan muka cire guntun layi daga tsakiyar buɗaɗɗen tafarki, zai zama kashi biyu, amma manhajar tana ɗaukarsu abu ɗaya. Ka ja wannan, wancan ya biyo. Shift da Ctrl da K su ne suke raba su kowa ya tsaya da ƙafarsa.

Na uku, layukan da suka gitta juna. Idonmu yana ganin mahaɗa a inda layi biyu suka gitta, amma kwamfuta ba ta da turke a wurin, kamar wayoyi biyu ne da ɗaya ta bi ta saman ɗaya. Wanda yake so ya goge abin da ya zarce mahaɗar sai ya fara dasa turke a wurin, ya kusanto da zanen sosai don ya dace, sannan ya cire guntun da ya rage.

Na huɗu, layin da ba layi ba ne. Idan muka ɗauki hoton tsohon bajo muka sa manhaja ta mayar da shi bekta da kanta, abin da ido yake gani a matsayin baƙin layi ɗaya siririyar siffa ce mai gefe biyu, na waje da na ciki, an cika tsakaninsu da baƙi. A nan cire guntu ɗaya ba zai buɗe kafa ba. Sai an cire na gefen waje da na gefen ciki, sannan a haɗa bakunan. Irin wannan zane kuma yakan zo da turaku barkatai. Ctrl da L suna rage su, amma a yi a hankali, domin yawan dannawa yana cinye kusurwoyi.

Dabarar farin akwati

Akwai wata gajeriyar hanya da ɗalibai da yawa suke bi, har da wasu masu shago. Maimakon a cire layin, sai a zana ɗan farin akwati a ɗora a kansa. A kan allo ba a ganin komai, a kan farar takarda ma haka. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne.

A ce ƙungiyar muhawara ta makarantarku ta yi karo-karo za ta buga riguna, ko gidanku zai yi sitika don gasar wasannin gidaje. Ranar da aka ɗora tambarin a kan shuɗi ko kore, farin akwatin zai fito fili kamar faci a sabuwar riga. Injin yankan sitika kuwa ba ruwansa da launi, tafarki yake bi da wuƙarsa. Zai yanki layin da aka ɓoye, ya kuma yanki gefen akwatin da aka ɓoye shi da shi. Ledar ta lalace, kuɗin karo-karo sun tafi, ga ranar taro ta matso.

Don haka kafin mu kai aiki shago, mu duba shi a yanayin da yake nuna ƙasusuwan zane kawai ba launi. A Inkscape yana ƙarƙashin View, sai Display Mode, sai Outline. A nan duk abin da aka ɓoye zai bayyana: ɓoyayyun akwatuna, layukan da aka ninka, da marayun turakun da aka manta a gefe. Abin da muka gani a wannan yanayi shi injin zai gani.

Idan aka canza manhaja

Wanda ya je koyon aiki a shago lokacin hutu zai fi samun CorelDRAW. Tunanin ɗaya ne, maɓallan ne suka bambanta. A can F10 ne yake kawo kayan gyaran turaku, Ctrl da Q kuma suke mayar da akwati ko rubutu tafarki. Tana kuma da wani kayan aiki na musamman da yake goge guntun layi daga mahaɗa zuwa mahaɗa ko da babu turke a wurin.

A Illustrator, harafin A ne yake kawo farar kibiyar da ake zaɓar turke da ita, C kuma almakashi ne na tsinka tafarki. Amma a kula: a can idan aka zaɓi turke da farar kibiya aka danna Delete, yana tafiya ne tare da guntayen layin da ke jikinsa, kafa ta buɗe, saɓanin Inkscape. Shi ya sa haddar maɓallai kaɗai ba ta wadatarwa. Wanda ya san ko turke yake son cirewa ko igiya, a kowace manhaja ya zauna zai nemo maɓallin cikin minti biyu.

Amfaninsa ga rubutun Hausa

Ga wani wuri da wannan ilimi zai yi mana rana. Da yawa daga cikin kyawawan salon haruffan da ake sa wa a fosta ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Shi ya sa muke ganin allunan da aka rubuta kofa a maimakon ƙofa, ko bera a maimakon ɓera. Mai zanen da ya iya turaku zai iya rubuta kalmar da k, ya mayar da rubutun tafarki, ya dasa turaku a saman sandar harafin, ya ja mariƙai har lanƙwasar ta fito daidai da kaurin sauran haruffa. Sharaɗi ɗaya ne: da zarar rubutu ya zama tafarki ya daina zama rubutu, ba a iya gyara kuskuren harafi da allon madannai. Saboda haka a ajiye kwafin asali a gefe kafin a fara.

Aikin gida

Ga abin da za ku gwada kafin mako mai zuwa. Ku zana da'ira ku mayar da ita tafarki, ku cire kashi ɗaya cikin huɗu na gefenta ba tare da sauran ya motsa ba. Ku zana taswirar ajinku da ƙofa ɗaya da taga biyu, babu farin akwati ko ɗaya. Sannan ku rubuta kalmar ƙwazo da salon haruffan da ba shi da ƙ, ku yi mata lanƙwasar da hannunku. Wanda makarantarsu ba ta da kwamfuta, ko wuta ta hana, ya ɗauki takardar jadawali ya zana siffa, ya sa wa kowane turke lamba, ya rubuta umarninta da M da L da Z, sannan ya ba abokinsa ya zana daga umarnin kawai. Idan siffofin biyu suka zo ɗaya, darasin ya zauna.

A kowane mataki, kafin yatsa ya sauka a kan Delete, ku tambayi kanku: turke nake son cirewa, ko igiyar da ke tsakani, ko tsinkawa kawai nake so in yi? Ku nuna wa malamin kwamfutarku abin da kuka yi, ku kuma koya wa na ƙasa da ku.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar karatu.